Kakar Wasan da Idrisu Ya Buga a Amurka

Shekara tara ke nan da rasuwar ƙanena Idrisu. Ya rasu a wani gari na arewacin Amurka wanda har yau bakina bai iya faɗin sunansa daidai ba, kuma babu ko mutum ɗaya daga gidanmu da ya taɓa tsayawa a kan kabarinsa. A nan Jidda aka haife shi, a unguwar Bani Malik, a ɗakin da aka haife ni. Ni ce babba, na ba shi shekara shida. Duk shekara idan wannan wata ya kama nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in fasa. Bana na ga idan ban rubuta ba babu mai rubutawa, domin waɗanda suka san shi sun kusa ƙarewa a garin nan. Wasu sun mutu, wasu an mayar da su ƙasashen da ke rubuce a fasfo ɗinsu.

Kakanmu daga Damagaram ya taso da ƙafa, ya ratsa Sudan, ya sauka a tashar jiragen ruwa ta Jidda da niyyar ya yi hajji ya koma gida. Bai koma ba. Babanmu a nan ya tashi, a nan ya yi aure, a nan ya tsufa, amma har ya koma ga Allah baƙo ne a takarda. Mu ma haka muka tashi, da fasfon Nijar wadda ba mu taɓa gani da idonmu ba, da iƙama, wato takardar izinin zama, wadda ake sabunta mana a ƙarƙashin sunan Baba. Muna yara ba mu ɗauki wannan a bakin komai ba. Mun ɗauka garinmu ne, tunda ba mu san wani ba.

Baba direba ne. Ya daɗe yana tuƙa wani Ba'amurke, injiniya a tashar jiragen ruwa. Shi kuwa Idrisu tun bai kai sha biyar ba ya wuce Baba tsawo, sai ya sunkuya yake shiga ƙofar gidanmu, ga shi da gudu kamar ba shi ke ɗauke da wannan jiki ba. Wata rana Baba ya tafi da shi gidan Baturen don ya taimaka a kwashe kaya, Baturen ya ga ya rungumi injin wanki shi kaɗai ya hau bene da shi bai ko tsaya hutawa ba. Da aikinsa ya ƙare zai koma ƙasarsu, sai ya nemi a ba shi yaron ya zauna cikin iyalinsa ya yi karatu a can.

Umma ta ce ba ta yarda ba. Ta yi kwanaki ba ta yi wa Baba magana sai ta dole. Shi kuma abu ɗaya yake maimaitawa: «Idan ya zauna a nan me zai zama? Ɗan dako a situnan unguwar Khumra, khalas, shi ke nan. Ni na yi tuƙi, ubana ya yi dakon alhazai. Bari ɗaya daga cikinmu ya ga wani abu dabam.» A ƙarshe ta haƙura. Ba na ganin laifin Baba, ba na kuma ganin laifin Baturen, domin ya cika alkawarinsa, ya sa shi a makaranta, ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa. Kowa a cikinsu alheri ya nufa.

A can ne Idrisu ya shiga wasan da suke kira ƙwallon ƙafa, alhali ba ƙwallon da muka sani ba ce. Ƙwallon tasu doguwa ce kamar gwanda, a hannu ake riƙe ta ana gudu, abokan karawa kuma aikinsu su kayar da wanda ya riƙe ta ko ta halin ƙaƙa. Kowa yana sanye da hular kwano da wasu kafaɗun roba a ƙarƙashin riga. Wasan ne ya kai shi jami'a. Yana jami'a Baba ya rasu, kuma da rasuwar Baba da shekarun Idrisu da daɗewarsa a waje, iƙamarsa ta mutu. Umma ta koma ƙarƙashin wani kafili, wato mai tsaya wa baƙo a hukumance, ni kuma ina ƙarƙashin mijina Habibu, wanda ke aiki a wani sito a Khumra. Idrisu ya zama ba shi da wata takarda da ta haɗa shi da garin da aka binne cibiyarsa. A lokacin ya ce kada mu damu, idan ya zama wani abu ƙofofi za su buɗe da kansu.

Da ya gama jami'a, ranar da manyan ƙungiyoyin ƙwararru suke zaɓen sababbin 'yan wasa, babu wadda ta kira sunansa. Sai daga baya wata ƙungiya ta ce ya zo gwaji. Ya shafe bazara yana gwajin nan, kullum ana sallamar wasu, shi yana tsira, har ya wayi gari sunansa na cikin waɗanda za su buga kakar wasa. Na tuna kiran da ya yi ran nan, ana cikin azumi, muna shirin buɗa-baki. Ya ce, «Yaya Saude, sun ɗauke ni. Wallahi sun ɗauke ni. Ba wa Umma wayar.» Umma ta karɓa, ta saurara, ta ce Allah ya sa albarka, sannan ta tambaye shi ko yana azumi. Ya fara kame-kame. Ta ce, «To, ka rama.»

Wannan kakar wasa ita ce nake so in waiwaya a kanta, domin ita kaɗai ya buga, kuma a cikinta ne muka fi kusa da shi, ko da yake ta gilashin talabijin ne.

Habibu ya nemo mai haɗa satalayit ya kama mana tashar da ke nuna wasan. Ranar Lahadi ake yi, da rana a wurinsu, mu a nan bayan sallar isha'i. Ba kowane mako ake nuna ƙungiyarsu ba, domin ba ta cikin masu tashe, sai an yi sa'a. Idan ba a nuna ba Idrisu yakan aiko mana da faifai ta hannun masu zuwa umara, mu kalla bayan an daɗe da sanin yadda aka tashi. Falon Umma ƙarami ne amma haka maƙwabta ke cika shi, mutanen Nijar da na Chadi da 'yan uwanmu haifaffun nan waɗanda Hausarsu ta cakuɗe da Larabci. Ana dafa shayi, ana ta musu a kan dokar da babu wanda ya san ta.

Dole na koyi wasan, saboda idon Umma ya fara rauni, ni ce mai faɗa mata abin da ke faruwa. Abin da na fara ganewa shi ne Idrisu ba ya cikin waɗanda suke daɗewa a fili. Aikinsa na musamman ne: idan aka buga ƙwallo da ƙafa ta yi nisa zuwa ɓangaren abokan karawa, shi da wasu za su kwasa a guje iya ƙarfinsu su je su yi karo da waɗanda suka taho a guje su ma, don a tare wanda ya cafe ƙwallon. Kafin ka ƙifta ido an gama, sun fita. Sai ya koma gefe ya tsaya yana jira. Muna zaune awanni don wannan ɗan lokaci. Ba ma ganin fuska, sai lamba, hamsin da bakwai, a bayan riga.

«Wanne ne shi?» Haka Umma take tambaya duk lokacin da aka buga. In sa yatsa a gilashi in bi shi, kafin ta daidaita ido ya ɓace cikin tarin mutane. Daren farko da ta ga karon sosai, ta dafe ƙirji ta ce, «Me wancan ya yi masa da zai yi masa haka?» Aka yi dariya, aka ce mata wasa ne, biyansa ake yi. Ta ce ita ba ta taɓa ganin wasan da ake ɗaukar mutum a makara ba.

Ƙungiyar tasu ba ta yi abin kirki ba a shekarar. An fi cin su fiye da yadda suka ci, tun kafin tsakiyar kaka aka san ba za su je ko'ina ba. Muna gani a talabijin kujeru suna ƙara zama wayam, 'yan kallon da suka rage suna yi wa nasu ihu. Maƙwabta ma suka fara raguwa a falonmu. Amma a cikin wannan shekara mara daɗi akwai dare ɗaya da ba zan manta ba. An buga ƙwallo, wani ya cafe ya taho, sai ga hamsin da bakwai ya fito ta gefe ya yi karo da shi, ƙwallo ta kuɓuce ta yi tsalle a ƙasa, Idrisu ya faɗa a kanta ya rungume. Abokansa suka yi masa caa suna dukan hularsa. Da ya fita gefe ya cire hular, kyamara ta tsaya a kan fuskarsa, tururi na tashi daga kansa saboda sanyi, yana dariya da wannan wushiryar tasa. Mai sharhi ya kira sunanmu, sunan kakanmu, ya karya shi yadda ba a ganewa, ya kuma ce ɗan Saudiyya ne. Falo ya kaure da kabbara. Umma ta rarrafa har gaban talabijin ta sa tafin hannunta a kan gilashin. Kafin ta gama cewa «Idi» an koma nuna wani abu.

Washegari har a kantin unguwa ana tare Habibu ana yi masa barka. Wani dattijo ya ce da shi yanzu kam ai sai a ba yaron nan takardar zama ɗan ƙasa, tunda duniya ta ji an ce ɗan nan ne. Mu ma a ranmu mun fara tunanin haka, ba mu dai furta ba.

Bayan babbar salla sanyi ya tsananta a can, ana wasa ƙanƙara na zuba. A ɗaya daga cikin wasannin nan aka buga ƙwallo, aka yi karo, kowa ya tashi ban da mutum ɗaya. Yana kwance rub da ciki, hannunsa ɗaya a miƙe ya sandare. Ba a nuna lambar da kyau ba, amma na san ƙafafun ƙanena. Mutane suka shigo fili da gudu, sai tasha ta yanke ta sa tallar mota. Umma ta ce, «Saude, me ya sa kika yi shiru?» Na ce talla ake yi. Ta ce, «Na ji ana talla. Ke me ya sa kika yi shiru?» Da aka dawo an ci gaba da wasa kamar babu abin da ya faru.

Sai washegari muka same shi a waya. Ya ce ba komai, kansa ne ya ɗan juya, ya ma tashi da ƙafarsa. Na tambaye shi ko ya tuna abin da ya faru, ya yi dariya ya ce abokansa sun nuna masa a faifai. Na ce ya huta, ya gaya wa likitansu gaskiya. Abin da ya ce da ni har yau yana kunnena: «Yaya, ke ba ki san wurin nan ba. Akwai mutum a bakin ƙofa yana jiran in ce kaina na ciwo. Ranar da na faɗa, shi zai sa rigata.» Makon da ya biyo baya yana fili. Haka ya buga har kaka ta ƙare, suna can ƙasan teburi, aka kori mai horar da su, aka kawo wani.

Da zafi ya fara shigowa ya zo mana, da bizar umara, kamar kowane baƙo. A filin jirgi na ga ƙato wanda sai da na ɗaga kai sosai kafin in ga fuskarsa, ya ɗaga ni sama kamar 'yar tsana. Kwanakin farko gida ya zama kamar ana biki. Sai da baƙi suka ɗauke ƙafa muka fara lura. Da baƙin tabarau yake zama a cikin ɗaki, ya ce haske na soka masa ido. Idan aka kira salla a lasifikar masallacinmu, wadda ya tashi yana ji tun yana jariri, sai ya toshe kunne da hannu biyu yana neman gafarar Allah. Yakan tambaye ni sunan 'yata, in faɗa, kafin a sauke tukunya ya sake tambaya. Wata rana ya fita sallar la'asar bai dawo ba har magariba. Habibu ya same shi zaune a bakin wani shago, layi biyu tsakaninsa da gida, ya ce lungunan ne suka canja. Babu abin da ya canja a lokacin.

Ranar da ta fi mana ciwo, Umma ce ta matsa masa ya ƙara abinci, kamar yadda uwa take yi. Ya ce ya ƙoshi, ta sake tura masa faranti. Sai ya daka mata tsawa, ya doki tiren da hannu, miya ta watsu har bango. Idrisu, wanda bai taɓa ɗaga ido ya kalli Umma ba idan tana faɗa. Ya tsaya yana kallon hannunsa kamar na wani ne, sannan ya durƙusa ya kifa kansa a kan ƙafafunta yana kuka kamar ƙaramin yaro. Umma ta ce sammu ne ko kambun baka, tun daren da aka nuna fuskarsa. Aka kawo mai ruƙiyya, aka ba shi zamzam da habbatus sauda da zuma. Ya sha duk abin da aka ba shi bai yi musu ba.

A makon ƙarshe ya same ni a kicin ya ce ba ya son komawa. Ya ce ko dako ne zai yi, a nema masa kafili. Habibu ya zaga da shi situna a Khumra da wuraren da ya sani a tashar jiragen ruwa. Ko'ina sai a kalli jikinsa a yi sha'awa, wasu ma su ɗauki hoto da shi, amma amsar ɗaya ce: wanda ya shigo da bizar umara ba a mayar masa da ita ta aiki, sai ya fita, a nema masa daga waje, a jira. Umma ta ce ya zauna kawai, ai ba shi ne na farko da bizarsa za ta ƙare yana cikin gari ba, za mu ɓoye shi. Habibu ya ce, «Umma, mutum irin wannan a ina za a ɓoye shi? Ranar da aka kama shi Yamai za a kai shi, inda bai san kowa ba, kuma a hana shi shigowa. A Amurka kuwa aikinsa ya tafi.» Idrisu ya ce zai koma ya buga shekara ɗaya tak, ya tara abin da zai tara, kafin nan an samo masa biza. Umma ba ta raka shi filin jirgi ba. Ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe hannun rigarsa, har sai da Habibu ya ce, «Yalla, mu tafi, jirgi ba ya jira.»

Bai buga shekarar ba. Sabon mai horarwa ya sallame shi tun a wurin gwaji, kuma babu wata ƙungiya da ta neme shi. Bizar aikin ma ba ta samu ba. Wanda ya yi alkawari sai ya ce wata mai zuwa, har muka daina tambaya. Baturen da ya riƙe shi ya tsufa ya rasu. Idrisu ya yi gadi a wani babban kanti, ya yi lodi a motocin kaya, ya koyar da yara wasa a wata makaranta, ko'ina ba ya daɗewa, ko ya manta ranar aiki ko ya yi faɗa da wani. Kiran waya ya ragu. Idan ya kira wani lokaci lafiya lau, yana ba Umma dariya, wani lokaci kuma sai ya yi shiru a kan layi muna jin numfashinsa, ya ce shi dai yana so ya ji motsin gida ne. Sau da yawa ya ce zai zo umara, amma takardunsa na can ma sun rikice, yana tsoron idan ya fita ba zai iya komawa ba, nan kuma ba za a bar shi ya zauna ba. Haka shekaru suka wuce.

Wani mutum daga masallacin da yake salla ne ya kira Habibu ya faɗa masa rasuwar. Ya ce Idrisu ya faɗi a matakalar bene, kansa ya bugu, jini ya taru a ciki, ya yi 'yan kwanaki a asibiti Allah ya karɓi abinsa. Jama'ar masallaci suka yi masa sutura suka binne shi washegari, kamar yadda addini ya ce. Daga baya na ji a labarai cewa akwai wata cuta ta ƙwaƙwalwa da ke kama masu wannan wasa saboda yawan karo, kuma ba a tabbatar da ita sai an duba ƙwaƙwalwar mutum bayan ya mutu. Ba a duba ta Idrisu ba. Saboda haka ba ni da hujjar da zan nuna wa kowa, ba ni da wanda zan kai ƙara, ba ni ma da sunan abin da ya ci ƙanena. Abin da na gani da idona a falon Umma shi kaɗai nake da shi.

Umma ta rayu shekara uku a bayansa. Ba ta sake bari an kunna talabijin a ɗakinta ba. Bayan rasuwarta hukuma ta zo ta shafa jan fenti a bangon layinmu, alamar rusau, aka ba da wa'adi, aka rushe. Mu muka koma kudu, kusa da wurin aikin Habibu. Na je wurin sau ɗaya bayan rusau, na tsaya a fili fetal ina neman inda ƙofarmu take, ban gane ba.

Nakan tambayi kaina abin da Idrisu zai ce da zai ga Jidda ta yau. Garin ya zama garin wasanni. Ana kawo 'yan dambe da 'yan ƙwallo da masu tseren mota daga kowace ƙasa, ana tarbarsu da furanni a filin jirgi, hotunansu sun cika tituna. An ce yanzu wanda yake da takardar zama a Amurka yana iya neman bizar shigowa ta waya, kafin shayi ya huce ta fito. Ina jin zai yi dariyar nan tasa ya ce, «Yaya, na yi sammako ne.» Ko kuma kawai ya tambaye ni ina gidanmu yake. Sannan zai ga 'ya'yana, waɗanda Hausa suke ji ba sa mayarwa, sun kai shekarun da ake fara kallon iƙamarsu ana lissafi, kuma maganar da Baba ya yi a kansa ita Habibu yake yi a kansu yanzu, kusan kalma da kalma. Ban ga abin da ya canja mana ba, sai dai gine-ginen da muke wucewa ta gabansu sun fi tsawo.

Wasan ma yana nan. An ce an gyara dokar wannan karo da yake yi, an rage gudun, saboda an gane yana illa. Na ji daɗi saboda 'ya'yan wasu. Ƙungiyarsu kuwa na ji ta farfaɗo daga baya, filinta ya sake cika. Ba na zaton akwai mutum ɗaya a cikin masu cika shi da ya san an taɓa yin wani Idrisu. Shekarar da ya buga shekara ce da su kansu suke so su manta.

To me ya rage? Na daɗe ina cewa babu. Sai bara, a watan Rajab, wani dattijo Basomale ya kira wayar Habibu ya ce ya zo umara, yana so ya ga dangin Idrisu. Sunansa Malam Abdi, shi ne ladanin masallacin can, shi ne kuma wanda ya kira mu shekarun baya. Ya zo gidanmu da sanda, muka yi magana da Larabci. Ya ce Idrisu ne yake share ƙanƙara a ƙofar masallaci kafin asuba ba tare da an sa shi ba, kuma idan an yi rasuwa shi ke shiga kabari ya karɓi gawa, domin shi kaɗai yake iya riƙe ta ba tare da taimako ba. Ya ce shi ya zauna da shi a asibiti har ƙarshe.

Da zai tafi sai ya gyara zama ya ce akwai abin da ya daɗe yana so ya tambaya. A kwanakin nan na asibiti Idrisu ya daina jin Turanci, ya daina amsa Larabci, sai wata magana guda da yake ta maimaitawa da harshenmu. Malam Abdi bai san ma'anarta ba, amma ya haddace ta, domin ya ɗauka addu'a ce. Ya ce duk ranar idi idan ya je maƙabarta yakan tsaya a kan kabarin ya karanta Fatiha, sannan ya faɗe ta. Ya rufe ido ya furta a hankali, gaɓa-gaɓa, da harshen da bai saba ba: «A… ajiye… min… ƙanzo.»

Sai da na tashi na shiga ɗaki na dawo kafin na iya magana. Tun yana ɗan ƙarami, idan zai fita wasa da yamma Umma tana tuƙa tuwo, daga bakin ƙofa yake juyowa ya ƙwala wannan magana, don kada in riga shi kankare tukunya. Na yi wa dattijon bayani, na ce ba addu'a ba ce, ɓawon tuwo ne da ke kamawa a gindin tukunya, yaro ne yake cewa a rage masa kafin ya dawo.

Malam Abdi ya yi ta juya sandarsa a hannu. Can ya ce, «To in daina faɗa ke nan?»

Na ce a'a, ya ci gaba. Shi kaɗai ne yake zuwa wurin, kuma ita kaɗai ce Hausar da za a sake yi a kan kabarin nan.

Allah ya jiƙan Idrisu, ya sauke shi a gidan da ba a tambayar baƙo takarda.